Damanar da Na Cire wa Taga Firam

Na san abin da ake faɗa a kaina game da damanar da mahaifiyarku ta kwanta. Har yau in an zauna a gindin darbejiyar masallaci aka rasa abin hira, sai wani ya ce ai shekarar da Malam Sabo ya bar gonar gado ta koma daji yana danne-dannen kwamfuta. Ba ƙarya suke yi ba. Gonar ta koma daji, kuma ina danne-danne. Amma ba don in wanke kaina wajen 'yan gindin darbejiya nake wannan rubutu ba, su ci gaba, baki nasu ne. Saboda mutum ɗaya nake yi, kai Auwalu, ɗan farinmu, da tun daga shekarar nan kake yawo da zancen cewa mahaifiyarka ta kira kowa a ciwon ajalinta ban da kai. Sauranku ku karanta, amma ku matsa ku ba yayanku wuri.

Lokacin ban daɗe da ajiye aiki ba. Na yi shekaru a wani ofis a birni ina rubuta manhajojin kwamfuta, na dawo gida nan arewa da Ungogo, inda gona ke manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabcinka ya ce maka sannu daga tasa. Ana gab da ruwan shuka Innarku ta faɗi a bakin murhu. Muka kai ta asibiti a birni, muka dawo da ita ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Matar da ko tankaɗe take yi sai ta yi wa kaji faɗa, ga ta kwance, idonta yana bin kowa, ba abin da ba ta fahimta, amma ko "ruwa" ba ya fita. Muka koma canki-canki. Tana son a juya ta, mu kawo kunu. Tana son buta, mu kawo mafici. In mun yi kuskure sai ta daki katifa da hannun hagu ta kau da kai. Dije, wadda mijinta ya bari ta zo daga Rimin Gado ta yi jinya, takan fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta dawo. Ni ba na kuka. Ni kaiwa da komowa nake yi a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Da na gaji da sintiri sai na jawo tsohuwar kwamfutata ta tebur na kafa a gefen gadonta. Wuta daga sola muke samu, batirin kuma ya tsufa ba ya riƙe komai, saboda haka injin yana aiki ne daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, rana na yin sanyi ya mutu. Cikin kwana huɗu na rubuta 'yar manhaja. Taga ce guda a fuskar kwamfuta mai manyan akwatuna, kowanne da hoto da rubutu: ruwa, abinci, buta, alwala, a juya ni, zafi, e, a'a. A layin sama na jera mutanen gida da hotunansu. In ta tura maus da hannun hagu ta danna akwati, sai sifika ta faɗi kalmar da ƙarfi har a ji daga madafa. Muryar Dije na ɗauka, don ita ta fi kama da ta uwar. Nawa akwatin "Malam" na sa ta faɗa, ai na san Innarku ba ta taɓa kama sunana ba tun da aka kawo ta gidan nan. Da muka zo kan naka, Dije ta matso da baki ta ce, "Yaya Auwalu."

Na ce, "Cire Yaya. Ba ke ce ke magana ba, Innarku ce."

Ta dube ni. Ta ce, "Baba, amma ai Inna..."

Na ce, "Amma me? Rana tana tafiya. Faɗi mu wuce."

Ta faɗa, muka wuce. Na ɗora ka a farkon layi, can kusurwar sama ta hagu, dab da bakin tagar, don kai ne babba.

Ranar da Innarku ta fara danna "ruwa" aka kawo mata ruwa, ba kunu ba, ba mafici ba, sai da ta riƙe kofin ta yi ta kallonsa kafin ta sha. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a duk shekarun aikina. Amma daɗin bai kwana biyu ba. Kowace taga a kwamfuta tana da firam, wato katangar da ta kewaye ta, a goshinta kuma akwai ƙananan maɓallai uku, na ƙarshensu shi ne na rufewa. Hannun hagu bai saba ba, yana zarcewa, sai ta dangwali na rufewar, bakinta ya mutu gaba ɗaya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Layi ɗaya na ƙara, na ce wa kwamfuta ta cire wa tagar firam da goshi duka. Ta fito tas, akwatuna kawai, ba abin rufewa ko na magani. Na tafi gona ina yabon kaina, muka yi shuka ni da Yaya Isa, yayana, wanda gonarsa ke iyaka da tawa.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, da firam ya tafi ya tafi da wani abu. A ƙasan sikirin akwai dogon layin nan da kowace manhaja da aka buɗe take ajiye ɗan hotonta, mu a ofis taskba muke ce masa. Innarku tun tana lafiya, in ta leƙo ina aiki, dakali take kiransa, wai ga 'yan zaman dakali nan sun jeru. Amfaninsa shi ne ko taga ta shige bayan wata, hotonta yana nan a dakali, ka danna ta dawo gaba. To, tagar da aka cire wa firam kwamfuta ba ta ƙara lissafa ta cikin masu zaman kansu. Ɗaukarta take kamar ɗan akwatin bayani da ke leƙowa ya wuce, ba ta ba ta wuri a dakali. A bayan tagar Innarku kuwa akwai wata babba da ta cika sikirin, ta karatun Alƙur'ani da take saurare. Da zarar maus ya sauka a wajen tagarta, ko da faɗin yatsa ne, sai ta karatun ta taso gaba ta rufe ta ruf. Mai lafiya zai rage babbar ya tono ƙaramar. Ita ba za ta iya ba, maɓallin ragewar ƙanƙane ne. Kuma ba ta da halin kiran wani ya zo ya tono mata, tunda abin kiran ne ya ɓata. Haka za ta kwanta shiru har Allah Ya kawo mai shigowa ɗakin.

Ana cikin haka ka iso daga kudu, Auwalu, da hutun mako uku da ka roƙa a wajen aikinku. Ka tuna inda kake zama? Kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, ba ka ciki, ba ka waje. Ban ga laifinka ba. Tun da aka yaye ka Gwaggonka ta ɗauke ka riƙo zuwa birni, can ka yi makaranta, gidan nan sai da hutu. Tsakaninka da Innarka gaisuwa ce, ita tana kallon gefe, kai kana kallon ƙasa. Kana zaune sifika za ta ce "Dije," Dije ta shiga. Ta ce "Malam," in shiga. Ta kira Nafi'u da ke makarantar kwana, ta kira Auta, har hoton jikanta takan danna don kawai ta ji sunan. Ina ganinka kana ɗaga kai duk lokacin da sifikar ta yi ƙara, sannan ka mayar. Daga nan kuma sai shiru ya yi tsawo, a leƙa a tarar tagar ta ɓace, Innarku tana numfashi sama-sama, idonta ya kaɗa.

Tun daga nan zama ya gagare ni. Matsalar ita ce rana ɗaya ce, kuma gona da kwamfuta duk ita suke so. Lokacin noman firi ya yi, ciyawar harkiya ta taso tana gasa da gero. Sai in ɗauki fartanya da sassafe, in yi kunya biyu, in ji zuciyata ta ce yanzu haka tagar ta ɓace. In yar da fartanya in taho gida, in tarar lafiya lau. In koma gona, in yi kunya ɗaya, in sake tahowa, in tarar ta ɓace tun ɗazu. Na gwada ɗaure tagar a saman komai yadda ba abin da zai rufe ta. Sai ta toshe jerin surori, Innarku ta kasa zaɓar karatunta, ta daki katifa har na kwance ɗaurin. Na gwada faɗaɗa ta ta cika sikirin, haka nan. Na ce in mayar da firam, sai na tuna maɓallin rufewa. Abu ɗaya nake so, taga marar firam da za ta zauna a dakali, in ƙara wa hoton girma, ta dawo da bakinta da hannunta ba sai ta jira kowa ba. Abin da na ɗauka aikin rabin yini ne ya cinye mini damina.

Wata ranar Talata na dawo daga gona na tarar tagar a rufe, Innarku ta jiƙa shimfiɗa don ta rasa yadda za ta ce buta, tana kuka ba sauti. A jikin kwamfutar kuma ga wayar Dije a maƙale tana caji. Ban yi tambaya ba.

Na ce, "Ke ce ashe! Kullum ina neman abin da ke rufe tagar nan, ashe ke ce da taɓe-taɓenki."

Ta ce, "Wallahi Baba ban taɓa maus ɗin ba. Caji kawai na sa na tafi surfe."

Na ce, "To aljanu ne suka taɓa? In jinyar ta ishe ki ai hanyar Rimin Gado ba a toshe ta ba."

Yarinyar da ta yi wata biyu tana wanke uwarta na faɗa wa haka. Ta canza shimfiɗar, ta gama tuwo, washegari mijinta ya zo da babur ya ɗauke ta. Dije, na ba ki haƙuri a baki tuntuni, ga shi kuma a rubuce. Matar Yaya Isa ce ta koma shigowa safe da yamma tana gyara Innarku, sauran yinin kuwa ni da kai ne, Auwalu, maza biyu da ba su iya hira da juna ba. Tagar kuma ba ta fasa ɓacewa ba, abin da ya isa ya nuna mini na zalunci Dije, amma ban tsaya tunanin wannan ba.

A garinmu sabis ɗin waya sai ka hau tudun makaranta, shi ma na gaisuwa ne ba na bincike ba. Sai na fara barinka da ita ina hawa Adaidaita Sahu zuwa Rijiyar Zaki, wani shago kusa da jami'a inda ɗalibai ke buga takardu. In zauna cikinsu da furfurata ina karanta abin da masu irin sana'ata na ƙasashen duniya suka rubuta, ashe ba ni kaɗai abin ya dama ba. Dabara ta farko da na samo ita ce a yi wata taga ta biyu mai firam, a ɓoye ta, ita ta zauna a dakali a madadin ta gaskiyar, in an danna ta sai ta turo ta gaskiyar gaba. Na dawo da murna na haɗa. Hoton ya fito a dakali. Innarku ta danna, sai ga wata farar taga fayau ba komai a ciki ta yi tsalle ta tsaya a gabanta, ta gaskiyar tana can baya. Wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci ya ƙi. Na gyara nan, can ya ɓalle. Kwana shida na yi ina kokawa da wakiliyar nan kafin na goge ta.

A hanyar dawowa dole in bi ta gefen gonata, kuma na koyi tafiya ina kallon ɗaya gefen. Maƙwabta sun gama firi sun shiga maimai, geronsu ya yi baƙi ƙirin, nawa ya yi rawaya cikin ciyawa. Gonar da tun kakanmu ba a taɓa bari ta kwana saura ba. Yaya Isa ya tare ni a kan iyaka, fartanya a kafaɗa.

Ya ce, "Sabo, ciyawarka ta fara zuba iri a tawa. Ka bari in tara maka gayya ranar Asabar."

Na ce, "Gobe zan shiga da kaina."

Ya ce, "Goben nan taka tun shuka nake jin ta. Injin nan shi zai ba ku tuwo?"

Na ce masa wanda bai san alif na boko ba ai ba zai gane abin da nake yi ba. Na faɗa, kuma da gangan na faɗa don ya ji ciwo. Ya gyara fartanyarsa ya wuce.

Ana saura kwana ɗaya hutunka ya ƙare ka same ni a zaure ina zane-zane a takarda. Ka tsuguna. Ina jin muryarka har yanzu, a hankali kake magana kamar mai tsoron kada ta fashe.

Ka ce, "Baba, akwatina yana aiki kuwa?"

Na ce, "Wane irin yana aiki? Ni na haɗa shi."

Ka ce, "Na ga dai mako uku ke nan. Da can na san kunya ce, ban taɓa damuwa ba. Amma yanzu ai ba ita ke faɗa ba, inji ne. Inji ba shi da kunya. Har jariri ta kira."

Da a ce na ajiye takardar nan na saurare ka, da wataƙila a zauren nan na gane. Amma kaina yana cike da firam da dakali, kuma na ji kamar aikina kake rainawa. Na ce maka uwarka tana kwance tana fama da ranta kai kana lissafin wa aka kira wa aka bari. Na ce in kira kake jira ka koma inda ake kiranka. Ka tashi ka fita. Da safe ka shiga ka durƙusa ka yi mata sallama. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga hannunta yana tura maus sama, sai tagar ta ɓace, karatu ya rufe sikirin. Na yi tsaki na matsa in tono. Kafin in gama ka riga ka ɗauki jakarka.

Kwana biyu bayan tafiyarka na samo bakin zaren. Ashe kowace taga tana ɗauke da wasu alamomi da kwamfuta ke dubawa ta san matsayinta. Cire firam ya bar tawa da alamar 'yar rakiya. Abin yi shi ne in sauka ƙasa in yi magana da uwar manhajar kwamfutar kai tsaye, in cire wannan alama, in liƙa mata ta mai zaman kanta. Na yi, ba abin da ya fito a dakali. Na sake, shiru. Na kusa jifa da maus. Sai can ƙasan wani dogon bayani na ga wani bawan Allah ya ƙara layi biyu, wai dakalin ba ya sake duba tagar da ta riga ta bayyana, sai an ɓoye ta na ɗan ƙiftawar ido an sake fito da ita. Wato sai ta fita ta sake shigowa da sallama. Layi biyu, bayan wata biyu. Na ƙara su, na kunna, sai ga hoton ƙwaryar da na zaɓa mata ya zauna daram a dakali. Na rufe tagar da ta karatu, na danna ƙwarya, ta dawo. Na yi haka ya fi sau ashirin ina dariya ni kaɗai. Na kama hannun Innarku na nuna mata, sau biyu kawai ta gane.

Na zauna a kujera, karo na farko a damanar nan da na zauna ba don in rubuta wani abu ba. Sai na ga abin da ban taɓa tsayawa na gani ba, don da can tagar na ɓacewa nake tashi in hau gyara. Ta danna "ruwa," daidai. Ta danna "Dije," daidai, ko rawa hannun bai yi ba, don ya riga ya saba. Sannan ta tura maus sama, ta hagu, a hankali, har ya hau kan hotonka. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya goce gefe kaɗan, ya fita daga bakin tagar, ta danna a can. Tagar ta ɓace. Ta sauko dakali ta danna ƙwarya, ta dawo. Ta sake hawa, ta sake tsayawa a kanka, ta sake gocewa. Ina kallo ta yi haka sau biyar. Ni kuma da ƙwaƙwalwata ta ofis ina tunanin ko akwatin ne ya yi kusa da baki, in matsar da shi ciki.

A haka Yaya Isa ya yi sallama. Ya zo duba ta ne, bai zo wajena ba, don tun ranar iyaka ba mu yi magana ba. Ya gaishe ta, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon sikirin. Ya ga ta hau, ta tsaya, ta goce.

Ya ce, "Wannan na kusurwar, in an taɓa shi me yake cewa?"

Na miƙa hannu na danna. Sifika ta ce "Auwalu!" da ƙarfi, cikin muryar nan mai kama da tata. Innarku ta ja mayafi da hannun hagu ta rufe fuska, ta juya wa bango.

Yaya Isa ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kai Sabo, bokon ne ya cinye maka kai? Uwa ta kama sunan ɗan fari? Shekara talatin da wani abu kuna tare, ka taɓa ji?"

Na ce, "Ai ba ita ke faɗa ba, inji ne."

Ya ce, "Kai ka ce mana bakinta ne ka ƙera mata. To bakinta ne ko ba bakinta ba ne?"

Na zauna ina lalube a cikin shekarunmu, ina neman abin da take kiranka da shi, sai na tarar ba ta taɓa kiranka ba sam. Aike take yi. In ka zo hutu ta dafa abin da kake so, sai ta ce wa Dije, kai wa yayanku. In ka daɗe a waje, ina yayanku ya shiga? Wannan ce kalmar, kuma ita ce Dije ta so ta gaya mini ranar ɗaukar murya na katse ta. Duk ɓacewar tagar nan da na bar gona a kanta, na kori 'yata a kanta, na zagi yayana a kanta, kusan duka kai take nema. Tana zuwa bakin sunan, kunya ta ture mata hannu.

Yaya Isa ya tashi ya tafi. Da yake Dije ba ta nan, da muryata na ɗauki kalmar, wannan muryar tawa mai kama da jan turmi. Na goge sunanka a ƙarƙashin hoton na rubuta "Yayanku." Na ce mata, "Rabi, duba." Ta sauke mayafin. Ta karanta a hankali yadda take karatu, leɓenta yana motsi. Ta tura maus, ya hau, bai goce ba. Sifika ta ce "Yayanku." Ta saurara tana kallon ƙofa. Ta sake dannawa. Ta sake. Tana dannawa tana kallon tabarmar da ke bakin ƙofa, wadda ban naɗe ba tun tafiyarka. Ta san ka tafi, ai a gabanta ka yi sallama. Duk da haka ba ta daina ba sai da rana ta yi sanyi injin ya mutu.

Ga wurin da ya sa na daɗe ban rubuta wannan babi ba. Na hau tudun makaranta a yammacin nan na kira ka. Ta yi ta ringi ba ka ɗauka ba. Na sake kira, ba ka ɗauka ba. Wataƙila kana bakin aiki, wataƙila fushi kake, kuma kana da gaskiya in fushin ne. Abin da ya kamata in yi shi ne in rubuta maka saƙo, ko in dawo gobe, da jibi, in naɗo ƙarar sifikar in kunna maka a can tudun ka ji da kunnenka. Amma sai zuciyar nan tawa ta ce ni uba in yi ta bin ɗa da kira? Ya gani ai, ya kira da kansa. A ƙarƙashin wannan kuma akwai abin da ya fi shi muni, in na gaya maka dole in ce kuskurena ne, ni da na ce maka ni na haɗa shi. Na ce bari sai ka zo da Sallah, in nuna maka a natse. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ciwon ya sake bugunta, ba ta kai asibiti ba.

Ka zo ka tarar an riga an kai ta. Ka zauna karɓar gaisuwa kusa da ni kwana uku, kafaɗarmu tana gogar juna, na buɗe baki ya fi a ƙirga na rufe. Yaya Isa ya ɗauka na gaya maka, har ya koma ga Allah yana zaton haka. Dije ba ta nan ranar, ba ta sani ba, yau za ta sani tare da kai. Gero kuwa ko dami uku ban ɗaure ba a shekarar, daga rumbun Yaya Isa muka ci, kuma bai taɓa goranta mini ba. Wannan asarar an yi ta an gama, wata damina ta mayar. Wadda ba ta mayu ba ita ce shekarun da na bar ka kana zuwa gidan nan kamar baƙo, kana gaishe ni kana kallon agogo, kana hana 'ya'yanka kwana, ni kuma ina sane da dalili.

Ban rubuta don ka yafe mini ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne, kuma in ka ƙi ban ga laifinka ba. Na rubuta ne don abin naka ne na riƙe maka. A kwanaki goma sha ɗayan nan, kullum injin ya kama da hantsi, kafin ruwa, kafin buta, kafin ni, kai take fara kira. Ta kira ka, Auwalu. Ni ne ban isar da aiken ba.